GAMMON GANYE DA KYANDIR HUƊU: YADDA KIRISTOCIN TURAI KE JIRAN KIRSIMETI

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa zama a arewacin Turai a ƙarshen watan Nuwamba, ko don karatu ko don wani kwas na aiki, ba zai rasa ganin wani abu guda a gidajen Kiristoci da majami'unsu ba. Abin nan kuwa shi ne wani zagayayyen ɗauri na ɗanyen ganye, mai siffar gammon da 'yan talla ke ɗorawa a ka, sai dai ya fi shi girma nesa, an kuma kafa masa kyandir huɗu. Ran Lahadi ta farko a kunna kyandir ɗaya, ta biyu a kunna biyu, haka har zuwa Lahadi ta huɗu, sa'ad da dukansu za su riƙa ci gaba ɗaya. Daga nan sai Kirsimeti.

Baƙo yakan ɗauka ado ne kurum, irin wanda kantuna ke ratayawa don jawo masu saye. Amma idan aka bi salsalar wannan gammo, sai a tarar a gidan renon yaran talakawa aka ƙago shi, kuma don a koya musu abin da yake da wuya ga yaro, yake da wuya ga babba, watau jira. A wannan maƙala za mu duba inda al'adar ta samo asali, da yadda ake ɗaura gammon da hannu, da irin ibadar da ke tattare da shi, da kuma abin da ke neman shafe ma'anarsa a yau.

MENE NE ADBENT?

Mako huɗun nan da ke gaban Kirsimeti su ne Kiristocin Yamma ke kira Adbent. Kalmar daga Latin take, ma'anarta kuwa zuwa ko isowa, watau zuwan Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Lokacin yana farawa ran Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, ya ƙare ran 24 ga Disamba. Saboda haka farkonsa yakan faɗo ne tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, tsawonsa kuma daga kwana 22 zuwa 28, gwargwadon yadda shekara ta zo. A wurin 'yan Katolika da Angilikan da Lutaran, da Adbent ne shekarar ikilisiya ke farawa.

Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Almasihu ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin ran 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum, cikin shekarar 336. Sannu a hankali aka ga ya kamata a yi wa ranar shiri. A ƙarni na 5 Bishop Perpetuus na garin Tours a Faransa ya umarci mutanensa su riƙa azumi kwana uku a mako tun daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. Ikilisiyoyin Gabas suna riƙe da irin wannan har yau: 'yan Otodoks na Girka da makamantansu suna azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba, Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuwa kwana 43 suke yi, su yi bikinsu ran 7 ga Janairu. Ke nan tun asali Adbent lokaci ne na kamun kai da tuba da sauraro, shagali sai daga baya.

DUHUN HUNTURU DA ITACE MAI ƊANYEN GANYE

Ba za a gane dalilin ganye da kyandir ba sai an san irin hunturun waɗannan ƙasashe. A birnin Hamburg na Jamus, idan Disamba ya yi nisa, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Wuni duka bai wuce awa bakwai da rabi ba. Yawancin itatuwa sun kaɗe ganye tun a kaka, sun tsaya tsirara kamar matattu, gonaki kuma sun daskare.

Cikin wannan hali akwai 'yan itatuwan da ba su sake kama. Akwai fir da fayin da sifurus da al'ul, masu ganye sirara kamar allura, kusan irin na kasharina da ake shukawa a bakin tituna. Ganyen nasu yana da wani maiƙo mai kama da kakin zuma a bayansa, wanda ke hana ruwan jikinsa ƙafewa, ga shi kuma siriri ne, iska ba ta samun wurin tsotsa. Akwai kuma holi, mai ganye mai ƙaya da jajayen 'ya'ya, da aibi, wata yaɗo mai manne wa bango da kututture. Manomin da ya san gawo, wanda ke yin kore shar da rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe, zai fahimci yadda idon mutumin Turai ke sauka kan fir a tsakiyar dusar ƙanƙara.

Shigo da irin wannan ganye cikin gida tsohuwar al'ada ce ƙwarai. Littattafan kuɗi na majami'un Landan na ƙarni na 15 sun nuna ana sayen holi da aibi don Kirsimeti. A garin Sélestat na yankin Alsace akwai takardar kuɗi ta 1521 da ke nuna an biya masu gadin daji don su tsare itatuwa daga masu sara gab da biki. Cikin 1605 wani marubuci ya bayyana yadda mutanen Strasbourg ke kafa itacen fir a ɗaki, su rataya masa furannin takarda da tuffa da kayan zaƙi. Labaran da ake bayarwa cewa Martin Luther ne ya fara sa wa itace kyandir, daga baya aka ƙaga su. A Ingila kuwa itacen ya sami karɓuwa sosai bayan wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da shi cikin 1848.

FASTON HAMBURG DA ƘAFAR AMALANKE

Gammo mai kyandir kuwa an san wanda ya fara shi. Sunansa Johann Hinrich Wichern, malamin addini na ɗarikar Lutaran, haifaffen Hamburg cikin 1808. Shi kansa ya ɗanɗana wahala, gama mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 15, ya zama dole ya riƙa koyar da 'ya'yan mutane don ya taimaki uwarsa da ƙannensa. Da ya gama karatu ya kama koyarwa a makarantar Lahadi ta unguwar St. Georg, inda ya ga yadda yaran matalauta ke kwana cikin yunwa da ƙazanta, waɗansu suna bara, waɗansu suna sata.

Cikin 1833 ya buɗe wani gida a ƙauyen Horn, bayan gari, wanda ake kira Rauhes Haus. Tsarinsa ya saba da na gidajen horo na zamanin. Ya raba yaran ƙungiya ƙungiya, kamar goma sha biyu a ɗaki ɗaya tare da wani babba mai kula da su wanda suke kira ɗan'uwa, don su ji kamar a gida suke. Ana koya musu karatu da sana'a, kamar kafinta da ɗinki da dukanci da aikin ɗab'i.

Labarin da gidan ke riƙe da shi shi ne, da zarar sanyi ya kama sai yaran su dami malaminsu da tambaya, yaushe ne Kirsimeti? Yaron da ya tashi a titi, wanda sau da yawa an yi masa alkawari ba a cika ba, faɗa masa saura kwana ashirin ba ya shiga kunnensa. To, cikin 1839 sai Wichern ya sami wata tsohuwar ƙafar amalanken doki ta katako, ya jera mata kyandirori a kewaye: manya farare huɗu don ranakun Lahadi, da ƙanana jajaye don sauran ranakun mako. Aka rataye ta a ɗakin addu'a. Kowace rana idan an taru don ibada sai a ƙara kunna ɗaya. Da haka yaro ke ganin kwanakin da suka wuce suna ci da wuta, ya kuma ƙirga waɗanda suka rage da yatsansa. Gani ya kori ji. Bugu da ƙari ɗakin kansa yana ƙara haske kullum, daidai lokacin da waje ke ƙara duhu.

Wajen 1860 aka fara lulluɓe ƙafar amalanken da ganyen fir. Da al'adar ta shiga gidajen jama'a, inda ba wurin rataya abu mai girma haka, sai aka rage kyandirorin zuwa huɗu. Ta daɗe a tsakanin Furotesta kafin Katolika su karɓa. An rataya gammon a wata majami'ar Katolika a Kolon cikin 1925, daga nan ya bazu zuwa kudancin Jamus, ya ƙetare teku zuwa Amurka. Wichern ya rasu cikin 1881. Jawabin da ya yi a taron ikilisiya a Wittenberg cikin 1848 shi ne tushen babbar ƙungiyar agaji ta Furotestan Jamus wadda yau ake kira Diakonie, Rauhes Haus kuma yana nan yana aiki.

YADDA AKE ƊAURA SHI

Aikin ba ya bukatar gwaninta mai yawa, amma yana bukatar natsuwa. Kayan da ake nema su ne zobe na karan alkama da aka matse, mai faɗin kamar inci 12, ko na waya mai kauri, ko na lanƙwasasshen reshe; siririyar waya mai laushi; almakashin lambu; kyandir huɗu masu kauri; da kuma ɗanyun rassa.

Zaɓen reshe shi ne rabin aiki. Sifurus yana da araha, amma da ya ji ɗumin ɗaki sai ya fara zubar da ganye. Fir irin na Nordmann da wanda ake kira nobilis sun fi daɗewa, ga kuma laushi a hannu. Masu sana'ar a jihar Maine ta Amurka ba su fara karyar rassan fir ba sai sanyi mai tsanani ya sauka a Nuwamba, don a lokacin ne ganyen ke kama reshe da kyau. Daji yana da mai shi, saboda haka ana neman izini kafin a yanka, kuma ba a tsiyata itace guda. A ɗan taɓa nan, a ɗan taɓa can, don ya sake tofowa. Idan an kawo rassan gida, sai a datse gindinsu a tsoma cikin bokitin ruwa su kwana a wuri mai sanyi, su sha su ƙoshi.

Kashegari sai a yayyanka su gajeru, kamar inci biyar ko shida. A haɗa uku ko huɗu su zama ɗan dami. A ɗaure bakin waya a jikin zoben, a ɗora dami na farko, a naɗe gindinsa da waya sau biyu ko uku, a ja da ƙarfi. Dami na biyu a ɗora shi yadda kansa zai rufe gindin na farko, kamar yadda mai baibayar jinka ke ɗora ciyawa layi bisa layi. Haka za a yi ta bi, duk suna fuskantar gefe guda, dogaye ta waje, gajeru ta ciki, ba tare da an yanke wayar ba. Idan an zagayo, sai a ɗaga kan dami na farko a cusa gindin na ƙarshe ƙarƙashinsa. Gammon da aka ɗaura da kyau, mai kallo ba zai iya nuna inda aka fara ko inda aka gama ba.

Saura kyandir. Waɗansu sukan sayi 'yan faifan ƙarfe masu tsini. Waɗansu kuwa sukan yanki waya mai kauri, su gasa bakinta a wuta, su soka a gindin kyandir, sa'an nan su kafa ɗaya bakin cikin karan. Daga nan a ƙara ado daidai wa daida: busassun 'ya'yan fayin, yankan lemo da aka shanya, sandar kirfa, da jan ƙyalle. Ƙaron fir yakan manne a hannu, amma man girki yana fid da shi.

Rigakafi ya fi magani. Ganyen da ya yi mako uku cikin ɗaki mai ɗumi ya zama makamashi, ga ƙaro a jikinsa. Gwaje-gwajen masana kashe gobara a Amurka sun nuna busasshen itacen Kirsimeti yana iya cinna wa ɗaki duka wuta cikin ƙasa da minti ɗaya. Don haka ana ɗora gammon bisa faranti, nesa da labule da murhu, ana yayyafa masa ruwa, ana sauya kyandirin da ya gajarce, kuma ba a fita a bar shi yana ci. 'Ya'yan holi da na kaucin Turai suna da dafi, ba a barinsu inda ƙaramin yaro zai kai hannu.

IBADAR MAKO HUƊU

Kowane sashe na gammon Kiristoci sun ba shi ma'ana. Da'irar da ba ta da farko ba ta da ƙarshe tana tuna musu dawwamar Allah. Ganyen da ya ƙi mutuwa da hunturu alama ce ta rai madawwami. Ƙayar holi tana tuna musu kambin ƙayar da suka gaskata an sa wa Almasihu, jajayen 'ya'yansa kuma jininsa. Aibi, da ba ya iya tashi sai ya sami abin jingina, misali ne na ɗan Adam da ke dogara ga Mahaliccinsa. Hasken da ke ƙaruwa mako mako yana nuni ga Almasihu, wanda Linjilar Yohanna ke kwatantawa da haske.

A Jamus yawanci kyandirorin jajaye ne. A majami'un Katolika da yawa kuwa uku shunayya ne, launin tuba, ɗaya kuma ruwan hoda, wanda ake kunnawa ran Lahadi ta uku. Ana kiran wannan rana Gaudete, watau ranar murna, don an wuce rabin jira. Furotesta da yawa sun ba kyandirorin sunaye: bege, salama, farin ciki, da ƙauna. Waɗansu sukan ƙara fari a tsakiya, wanda ba a taɓawa sai daren Kirsimeti.

Karatun majami'a shi ma yana bin mataki mataki. A tsarin Katolika, Lahadi ta farko tana magana kan komowar Almasihu da zaman tsaro. Ta biyu da ta uku suna kan Yohanna Mai Baftisma, wanda ya yi wa'azin tuba a jeji, ya kuma gargaɗi masu karɓar haraji da sojoji su tsaya ga hakkinsu. Ta huɗu tana kan Maryamu da Yusufu da albishirin haihuwa. Littafin Ishaya kuwa ana karanta shi kusan ko'ina cikin lokacin.

A gida, iyali sukan taru da maraice. A kashe fitilar lantarki, a kunna kyandirin makon, a karanta 'yan ayoyi, a yi shiru na ɗan lokaci don bimbini, sa'an nan a yi addu'a da waƙa. A waɗansu gidaje autan gida ne ke kunna na farko, babban ɗa na biyu, uwa na uku, uba na huɗu. Duk abin bai wuce minti goma ba. Nauyinsa yana cikin ƙa'ida guda: akwai kyandir huɗu a gabanka, akwai ashana a hannunka, amma ɗaya kaɗai aka yarda ka kunna.

Masu ɗaura gammon da hannunsu suna samun abin tunani cikin aikin kansa. Reshen nan kore ne shar, amma tun ranar da aka yanke shi ya kama hanyar bushewa, abin da ke tuna wa mai karatun Linjila misalin kuringar inabi da rassanta a Yohanna sura 15. Kyandir ba ya ba da haske sai yana cin kansa. Idan kuma aka kai Lahadi ta huɗu, na farko shi ne mafi gajarta duka, gama shi ya fi daɗewa yana jira.

JIRA A GIDAN YARI

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta masu zaman jin daɗi gefen murhu. Rubuce-rubucen Adbent da suka fi tasiri a ƙarni na 20, waɗansunsu a kurkuku aka yi su. Dietrich Bonhoeffer, fasto ɗan Lutaran da ya yi adawa da mulkin Hitila, an kama shi cikin Afrilu 1943 aka tsare a kurkukun Tegel da ke Balin. Cikin wata wasiƙa da ya aika wa amininsa Eberhard Bethge a Nuwamba na shekarar, ya kwatanta Adbent da zaman ɗaurarre, wanda ke jira da sa rai alhali mabuɗin ƙofarsa yana hannun wanda ke waje. An rataye shi a sansanin Flossenbürg ran 9 ga Afrilu 1945.

A wannan kurkuku na Tegel aka tsare Alfred Delp, fada ɗan Katolika, bayan yunƙurin kashe Hitila na Yuli 1944. Cikin Disamba na shekarar ya rubuta jerin tunani kan Adbent, hannuwansa cikin ankwa, ana fitar da takardun a ɓoye cikin kayan wanki. Abin da ya fi nanatawa shi ne Adbent lokaci ne na girgiza mutum ya farka daga ruɗin kansa. An kashe shi ran 2 ga Fabrairu 1945. Har yau ana karanta rubutun mutanen nan biyu a gaban gammon ganye, a gidajen Katolika da na Furotesta baki ɗaya.

MASU SUKA

Ba dukan Kiristoci ne suka yarda da ado da ganye ba, kuma gardamar ta daɗe. Wajen shekara ta 200, Tertullian, malamin Kartaj a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, ya tsawata wa Kiristocin da ke ƙawata ƙofofinsu da ganye da fitilu kamar yadda masu bautar gumaka ke yi. A ƙarni na 6 Bishop Martin na Braga, a Fotugal ta yau, ya hana irin wannan ado a bikin sabuwar shekara. Cikin shekarun 1640 wani mai wa'azi a Strasbourg, Johann Conrad Dannhauer, ya ce itacen Kirsimeti wasan yara ne da ke janye hankali daga Maganar Allah. Majalisar Ingila ta soke bikin ɗungum cikin 1647, sai bayan komowar sarauta cikin 1660 ya dawo. A Massachusetts ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, tarar sule biyar ake cin wanda aka kama yana bikin.

Har yanzu akwai masu kafa hujja da Irmiya sura 10, inda aka yi maganar sare itace a yi masa ado da azurfa da zinariya. Masu kare al'adar kuwa suna amsawa da cewa sassaƙa gunki ake nufi a wurin. Shaidun Jehobah ba su yin Kirsimeti sam. Ita Fadar Fafaroma ma sai cikin 1982, zamanin John Paul na Biyu, ta fara kafa itacen a dandalin St. Peter.

KASUWA TA SHIGO

Barazanar da al'adar ke fuskanta a yau ta fi zuwa daga kanti. Kasuwa ba ta son jira. Tun Oktoba kantunan Turai da Amurka ke kunna fitilun Kirsimeti gaba ɗaya, har ya zama mako huɗun da aka keɓe don kamun kai su ne suka fi kowane lokaci saye-saye da walima. Kalandar Adbent, wadda da take ɗauke da hotuna da ayoyi, yanzu yawancinta alewar cakulan ce a bayan kowace ƙofa.

Kaso mai yawa na kayan adon Kirsimeti na duniya daga birnin Yiwu na ƙasar Sin yake fitowa, har da gammaye da itatuwan roba. Roba ba ta zubar da ganye, ba ta son ruwa, ana kuma iya ajiye ta shekara da shekaru. Amma wani bincike da kamfanin Ellipsos na Montreal ya yi cikin 2009 ya nuna sai an yi amfani da itacen roba kamar shekara 20 kafin ya yi daidai da ɗanye wajen illar hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ɗanyen ma yana da nasa nauyi. Fir na Nordmann, wanda Denmak ke nomawa tana sayarwa ƙasashen Turai, yakan yi shekara takwas zuwa goma a gona, yawancin irinsa kuma daga dazuzzukan Racha na ƙasar Jojiya ake samo shi, inda matalauta ke hawa ƙwanƙolin dogayen itatuwa, suna sayar da rai don tsinko 'ya'yan.

Masu riƙo da ɗanyen ganye suna da wata hujja ta dabam. A ganinsu, abin da ba ya bushewa ba zai iya koya wa mutum cewa lokaci yana wucewa ba. Gammon da aka ɗaura da hannu yana cin awa guda ko biyu, yana tara iyali wuri ɗaya, yana cika ɗaki da ƙanshi, kuma yana tsufa a gaban idon mai shi.

INDA BABU FIR

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Da Kiristanci ya kai ƙasashe masu zafi, mutane sun nemi abin da ke kore a wurinsu. A Indiya akan yi ado da ganyen mangwaro da na ayaba. A Filifin akan ɗaura fitila mai siffar tauraro da gora da takarda, ana kuma zuwa sujadar asuba kwana tara daga 16 ga Disamba. A Afirka ta Yamma ganyen kwakwar manja ne ke ƙawata ƙofofin majami'u da yawa.

A Nijeriya, inda 25 da 26 ga Disamba ranakun hutu ne na gwamnati, majami'un Katolika da Angilikan suna kiyaye Adbent, haka kuma akwai ikilisiyar Lutaran, ɗarikar Wichern, mai cibiya a Numan, wadda ta tsiro daga aikin likitan nan ɗan Denmak, Niels Brønnum, da ya iso can cikin 1913. Sai dai busasshiyar iskar hunturu ba ta barin yankakken ganye ya yi mako huɗu, saboda haka mai son ɗanye sai ya yi ta sabuntawa. Ma'aikaci ko ɗalibin da ya ga kyandir huɗu a gidan abokin zamansa, ɗaya na ci uku na tsaye, yanzu ya san ba tsimin kyandir ake yi ba. Sanin abin da maƙwabci ke nufi da al'adarsa yana cikin abubuwan da ke gyara zama.

Bayan biki, yawanci ran 6 ga Janairu, a waɗansu wurare kuwa sai 2 ga Fabrairu, akan sauke kayan ado. A warware wayar a naɗe, a kai busasshen ganyen juji ya zama taki, a kankare kakin da ya zuba. Zoben karan alkama kaɗai ake ajiyewa a saman kabad, tsirara kamar ƙafar amalanken Wichern, sai baɗi idan sanyi ya kama, yara suka fara tambayar saura kwana nawa.